Me Ya Sa Masu Karatu Suka Fi Son Mugun Waziri A Kan Sarkina Adali?

Tambaya: Ina rubuta wasan kwaikwayo na tarihi. Babban tauraron sarki ne matashi da ya hau gado da niyyar kawar da zalunci da sauƙaƙa wa talakawa haraji, sai waziri da wasu fadawa suka yi ta yi masa zagon ƙasa har suka tuɓe shi. Duk wanda na ba shi ya karanta sai ya ce wazirin ya fi burge shi, sarkin kuwa ba shi da armashi. Ina gyaran yake?

Amsa: Ƙanena, tun ban kai ƙarshen tambayarka ba na gane ciwon, domin na daɗe ina koyar da rubutun wasan kwaikwayo, kuma da wuya shekara ta wuce ban ga irin wannan sarki a rubutun wani ba. Kada ranka ya ɓaci da masu karatun nan, gaskiya suka faɗa maka. Wazirinka yana da abin da yake so, yana da abin da yake tsoro, yana ƙulla shiri, yana sa wuyansa a kasada. Sarkinka kuwa, in na fahimci yadda ka bayyana shi, kullum shi ake yi wa abu. A cuce shi, ya yi haƙuri, a yi masa ƙarya, ya yarda, a tuɓe shi, mu tausaya. Tausayi ba ya riƙe ɗan kallo awa biyu a kan kujera. Abin da ke riƙe shi shi ne ya ga mutum a tsaye tsakanin abu biyu da duk yake so, kuma dole ya saki ɗaya.

Ka ɗauki rubutunka ka bi shi fitowa bayan fitowa. Duk inda sarki ya bayyana ka rubuta a gefen takarda: me ya zaɓa a nan, kuma me zaɓin ya ci masa? Ina kyautata zaton gefen takardar zai tashi kusan fari fat. To, nan gyaran yake.

Akwai abu guda game da sarauta da marubuci ba zai yi nisa ba sai ya fahimce shi. Sarki ba ya taɓa talakansa da hannunsa. Umarninsa sai ya bi ta hannun hakimi, da mai karɓar haraji, da alƙali, da dogari, kafin ya isa ƙofar gidan manomi. Waɗannan hannuwa kuwa su ne dai waɗanda mai son gyara ya zo ya tarar suna cin amana. Yana so ya datse hannun da ke sata, kuma da wannan hannun yake mulki. In ya bar su, niyyarsa ta tsaya a baki. In ya ce zai tanƙwara su, sai ya ɗauki bulalar nan da ya hau gado domin ya karya. Shi ya sa ban yarda da masu raba rikicin sarki gida biyu ba, wai ga na zuci ga na siyasa. Gardamar da ake yi a fada ita ce gardamar da ke cikin ƙirjinsa, an dai raba wa mutane daban-daban su faɗe ta da murya.

Ka dubi Josef na Biyu, sarkin daular Ostiriya, wanda ya yi mulki tare da mahaifiyarsa Mariya Teresa daga 1765, sannan shi kaɗai daga 1780 zuwa 1790. Mutumin nan da gaske yake son talaka. A 1769, yana kan tafiya a yankin Morabiya, ya sauka ya karɓi garma daga hannun wani manomi ya yi huɗa da kansa. Yakan tsaya a wani soro na fadarsa a Biyana ya karɓi takardun koke daga hannun duk wanda ya zo. A 1781 ya ba Kiristocin da ba 'yan Katolika ba damar yin ibadarsu, kuma a shekarar ya fara kwance manoma daga ɗaurin da ya hana su yin aure, ko barin gona, ko koyon sana'a sai da izinin mai ƙasa. Ya rufe ɗaruruwan gidajen 'yan zuhudu ya karkatar da dukiyarsu zuwa wasu ayyukan coci da ya ga sun fi amfanar jama'a. Dokokin da ya fitar cikin shekara goma sun kai dubbai.

Da a ce kai ne ke rubuta shi, na san abin da za ka yi: ka tsayar da manyan masu ƙasa da malaman coci a matsayin miyagu, shi kuma fitila a tsakiyar duhu. To ga abin da ya faru a ƙarshen 1784. A yankin Tiransilbaniya, cikin Romaniya ta yau, akwai wani manomi da ake kira Horiya, wanda ya sha zuwa Biyana yana kai kukan mutanensa gaban sarki. Manoman yankin sun sakankance cewa sarki nasu ne, masu ƙasa ne ke ɓoye alherinsa. Sai suka tashi suka ƙona gidajen masu ƙasa, suka kashe waɗanda suka kama, suna ganin aikin sarki suke yi. Sojojin Josef ne suka murƙushe su. Ranar 28 ga Fabrairun 1785 aka fito da Horiya da abokinsa Kuloshka a garin Alba Yuliya, aka kakkarya musu ƙasusuwa da wata babbar ƙafar keken doki a gaban taron manoman da aka tara domin su gani su ji tsoro. Wata shida bayan haka, a Agusta, Josef ya sa hannu a dokar da ta kwance manoman Hangari da Tiransilbaniya daga wancan ɗauri.

Tsaya ka yi tunani a kan daren da labarin tawayen nan ya iso fada. Babu mugun waziri a ɗakin. Akwai sarki, da rahoton gidajen da aka ƙone da mata da yara a ciki, da kuma sanin cewa masu ƙonawar sunansa suke kira. In ya bar su, ya nuna wa kowa a daular cewa wuta ce hanyar neman haƙƙi, kuma gobe babu dokarsa da za ta tsaya. In ya tura soja, ya taka mutanen da suka fi kowa yarda da shi. Gaba kura, baya sayaki. Da ni ke shirya wasan, zan sa wani magatakarda ya shigo da tsofaffin takardun koken da manomin ya taɓa kawowa, a shimfiɗa su kusa da umarnin da ke jiran sa hannu, sarki ya gane su, ya tuna ranar da ya karɓe su. Ba sai ya ce uffan ba. Ya karanta layi ɗaya, ya kife takardar, ya jawo umarnin.

Kuma ka lura, mutumin nan yana da nasa laifin, wanda daga cikin nagartarsa ya tsiro. Ya tabbata shi ke da gaskiya, saboda haka bai ga dalilin tambayar kowa ba. Ya ƙi yarda a naɗa shi sarkin Hangari bisa al'adarsu don kada ya rantse da kiyaye tsoffin haƙƙoƙinsu, ya sa aka ɗauke kambin sarautarsu aka kai Biyana, ya ce Jamusanci ne harshen aikin hukuma. A 1784 ya ba da umarnin a daina binne mutane da akwati, a sa gawa a buhun lilin, don a rage ɓarnar katako kuma gawa ta yi saurin narkewa. A lissafi babu kuskure. Amma a wurin mutanen nan akwatin shi ne suturar ƙarshe da ɗa ke yi wa mahaifinsa, sai ƙasa ta ɗauki guna-guni, har ya janye dokar cikin 'yan watanni. Zuwa 1789 yankin da ke Beljiyam a yau ya ɓalle masa, Hangari na shirin bi. A ƙarshen Janairun 1790, yana kwance ciwon ajali, ya soke kusan duk dokokinsa a Hangari, sai 'yan kaɗan da ya riƙe, ciki har da ta 'yancin ibada da ta manoma. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu yana da shekara 48.

Ibn Khaldun, masanin tarihin nan da ya rasu a 1406, ya riga ya hango wannan cuta. Ya ce kaifin basira da ya wuce kima aibi ne ga mai mulki, domin yana hango ƙarshen al'amura tun daga farkonsu, sai ya ɗora wa jama'a abin da ya fi ƙarfinsu, su halaka a kan hanyar bin sa. Wannan magana ta fi mini littattafan koyar da rubutu da yawa amfani. Aibin sarkinka kada ka je ka aro shi daga waje, ka ce bari in sa masa shan giya ko son mata don ya zama mutum. Ka tono shi daga cikin abin da ya sa muke ƙaunarsa. Mai tsananin son gaskiya yakan rasa haƙuri da masu rauni. Mai tausayi yakan kasa hukunta wanda barinsa zai jawo mutuwar ɗari. Wanda ya tsarkake hannunsa daga baitulmali yakan ɗauka wannan ya ba shi izinin kada ya saurari kowa.

Yanzu ga wazirinka. Ka ce mugu ne. Ina roƙonka ka ba shi gaskiya, ko da rabi ce, kuma ka ba shi ita da zuciya ɗaya.

Sultan Salim na Uku ya hau gadon daular Usmaniyya a 1789, daular tana shan kashi a hannun Rasha da Ostiriya. Mawaƙi ne, mai busa sarewa, mai tsara kiɗa, mutum mai taushin hali. Ya ga rundunar Janisari, wadda a da Turai ke rawar jiki in an ambace ta, ta lalace, sai ya kafa sabuwar runduna mai horo irin na Turai da ake kira Nizami Jadid, ya buɗe mata baitulmali nata na daban da sababbin haraji. Wa zai ce bai yi daidai ba? Amma ka shiga kasuwar Istanbul ta wancan zamani ka tambaya. Janisari a lokacin ba sojoji kawai ba ne. Masu shaguna ne, masu burodi, masu jiragen fito, 'yan dako. Takardun albashinsu sun zama kadara da ake saye da sayarwa, gidaje masu yawa da su suke ci. Sabon harajin kuma a kan kayan da talaka ke saye ya sauka. Mutumin da ya tashi a majalisa ya ce, ranka ya daɗe, wannan gyara zai raba dubban gidaje da abincinsu, kuma ranar da suka fito babu mai tare su, yana iya kasancewa yana kare aljihunsa ne, amma bai yi ƙarya ba. Irin wannan waziri nake so ka rubuta: wanda in ya gama magana ɗan kallo zai yi shiru ya ce, af, to ai shi ma da tasa.

A Mayun 1807 dakarun da ke gadin ganuwoyin mashigin Bosforus da ke kusa da Istanbul suka yi bore, ƙarƙashin wani da ake kira Kabakci Mustafa, suka nufo birni, Janisari suka mara musu baya. Salim yana da sabuwar rundunarsa a bariki, horarriya, mai biyayya. Bai fito da ita ba. Ya zaɓi ya lallashi masu bore, ya sanar da rushe rundunar da ya shafe shekaru yana ginawa, kuma manyan mutanensa da 'yan boren suka nema suka faɗa hannunsu aka kashe su. Duk da haka bai tsira ba: Shaihul Islam, babban muftin daular, ya ba da fatawa, aka tuɓe shi ranar 29 ga Mayu, aka naɗa ɗan baffansa Mustafa na Huɗu. A Yulin 1808, da Alamdar Mustafa Pasha, wani shugaban yaƙi mai goyon bayan Salim, ya iso ƙofar fada da runduna don ya mayar da shi gado, sai aka kashe Salim a cikin gida aka miƙo gawarsa. Ƙaramin ɗan baffansa, Mahmud, ta kan rufin ɗaki ya tsira. Shi ne ya zama Mahmud na Biyu, ya haɗiye abin da ya gani shekara 18, sannan a Yunin 1826 ya sa aka juya bakin igwa kan barikin Janisari, dubbai suka mutu, aka shafe rundunar.

Na sha kawo wa ɗalibai labarin mutanen nan biyu in tambaye su wanne ne nagari, kuma ban taɓa ganin aji ya tashi da baki ɗaya ba. Salim ya ƙi zubar da jinin mutanen birninsa, amma jinin amintattunsa ya zuba, gyaran kuma ya mutu. Mahmud ya yi abin da Salim ya kasa, da kisan da Salim ba zai iya kwana da shi ba. Ni a raina na fi ƙaunar Salim, kuma duk da haka ina ganin ranar da ya bar mutanensa a hannun 'yan bore ya aikata abin da taushin zuciya ba zai wanke ba. Waɗannan mutane sun sa wuyansu ne don sun yarda da shi. In sarkinka zai faɗi, irin wannan faɗuwa nake yi masa fata: wadda da hannunsa a ciki, wadda za a fita daga ɗakin kallo ana musu a kanta.

Akwai kuma wani mutum da na tabbata babu shi a wasanka, kuma rashinsa babban giɓi ne. Duk masu ja da sarkinka daga ɓangare ɗaya suke, masu cewa ya yi yawa. Ina mai cewa ya yi kaɗan? Umar ɗan Abdul'aziz, Allah ya yi masa rahama, ya karɓi halifanci a shekara ta 99 bayan Hijira, wato 717, ya riƙe shi shekara biyu da 'yan watanni. Ya fara da kansa da gidansa, har kayan adon matarsa Fatima 'yar Abdulmalik suka koma baitulmali, sannan ya juya kan dukiyoyin da danginsa Banu Umayya suka riƙe ba bisa haƙƙi ba. Dangi suka yi ca, har suka tura masa gwaggonsa ta yi masa magana. Wannan ɓangare kowa ya san shi. Amma an ruwaito cewa ɗansa Abdulmalik, saurayi mai tsananin tsoron Allah, shi kuma ta ɗaya gefen yake matsa masa: me ya sa ba ka zartar da al'amura gaba ɗaya, ko da tukwane za su tafasa da ni da kai? Uban ya amsa masa da cewa kada ya yi gaggawa, Allah ma sau biyu ya zargi giya kafin ya haramta ta a na uku, kuma yana tsoron in ya ɗora wa mutane gaskiya a dunƙule su ture ta a dunƙule, fitina ta tashi.

Ba cewa nake ka hau da irin waɗannan bayin Allah kan dandamali ba; tsarin nake nuna maka. Muryar da ta fi yi wa mai son gyara zafi ita ce ta wanda yake ƙaunarsa, wanda ya haddace maganganunsa na farko yana maimaita masa su. Waziri in ya ce ka sassauta, sarki yana da amsa. Amma ɗansa, ko malaminsa, ko abokin ƙuruciyarsa da suka yi alkawari tare, in ya dube shi ya ce, ranka ya daɗe, ashe kai ma ka zama irinsu, wannan ba ta da amsa mai sauƙi. Ka ƙirƙiri wannan mutum. Ka sa shi ya yi wani abu da sunan sarki wanda doka ta ce a hukunta. Ka bar sarki da shi.

Wani abin da marubuta ke jin nauyin yi shi ne su bar sarkin kirki ya iya dabara. Suna ganin in ya ƙulla wani abu a ɓoye ya zube. Jongjo, sarkin Koriya daga 1776 zuwa 1800, yana yaro ɗan shekara tara kakansa ya sa aka kulle mahaifinsa a cikin akwatin ajiyar shinkafa har ya mutu bayan kwana takwas, a 1762. Ya girma a tsakiyar ɓangarorin fada da wasunsu ke da hannu a wannan al'amari, ya hau gado, ya yi suna da son ilimi da jawo masu basira ko da asalinsu bai kai ba. An daɗe ana ɗaukar wani babban bafade, Sim Hwanji, a matsayin jagoran masu adawa da shi. Sai a 2009 aka bayyana wasiƙun sirri kusan 300 da Jongjo ya aika wa mutumin nan a shekarunsa huɗu na ƙarshe, yana tsara masa abin da zai faɗa a majalisa, yana zagin wasu fadawa da kalmomi masu kaushi, yana umartar sa ya yayyage takardar ko ya ƙone ta in ya gama karantawa. Bafaden bai ƙone ba. Ka ga fitowa biyu da ke jiran marubuci: da rana su yi ta-ka-ta-ka a gaban jama'a, da dare manzo ya ƙwanƙwasa ƙofar baya. Sannan tambayar da za ta ci sarkin a zuci: mutumin da ya rantse zai yi mulki a fili, yaushe ya koyi wannan, kuma wa ya rage da zai gaya wa gaskiya ba tare da lissafi ba?

Sai batun yadda za ka nuna abin da ke cikin zuciya. Na san jarabar: a kashe fitilu, a bar sarki shi kaɗai ya yi dogon zancen zuci, yana cewa zuciyata ta rabu biyu. Ka rage wannan iyakar iyawarka. Na taɓa shirya wani wasa da ɗalibai inda sarki zai tabbatar da hukuncin kisa a kan malamin da ya koya masa karatu. Marubucin ya ba shi jawabi na shafi biyu, ɗan wasan kuma ya haddace shi tsaf, yana yi yana dukan ƙirji. Mun yi gwaji kwana da kwanaki abin bai taɓa kowa ba. Wata rana na ce a ajiye jawabin. Na sa aka kawo tebur, da takarda, da hatimi, da kyandir, da ɗan kaskon narka dankon hatimi. Na ce wa ɗan wasan: ka narka dankon, ka zuba a takarda, ka ɗaga hatimin, kada ka buga. Ya tsaya hannunsa a sama har dankon ya daskare. Magatakarda ya matso a hankali, ya kankare, ya sake narka wani, ya zuba, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Karo na biyu ma ya daskare. A na uku sarki ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, ko an kai wa malam bargo, domin daren da sanyi. Aka ce an kai. Ya buga hatimin. Yarinyar da ke riƙe mana da rubutun wasan a gefe, wadda ta ji jawabin nan sau ashirin ba ta motsa ba, na waiga na ga ta rufe fuska da takardun.

Jawabin shafi biyun nan duk muka zubar, tambayar bargon nan kaɗai muka sa a madadinsa. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne sarki ba ya da damar yin kuka a gaban magatakarda, kuma ɗan kallo ya san haka. Rawani yana hana mutum faɗin abin da ke ransa, sai abin ya nemi wata ƙaramar kafa ya fito. Ka nemi irin waɗannan kafofi: abincin da aka ajiye ya huce ba a taɓa ba, sunan da ya kasa furtawa sai ya ce mutumin nan, yadda yake sallamar fadawa da wuri ko ya riƙe su har dare don kada ya kaɗaita. Kuma ka riƙa canza masa harshe. Yadda yake magana a zaman fada, da jam'in sarauta da taƙaitawa, kada ya zama yadda yake magana da mahaifiyarsa, wadda ita kaɗai ke iya kiran sa da sunan yanka. Ranar da ya yi wa mahaifiyarsa magana da muryar fada, ɗan kallo zai gane an rasa wani abu ba tare da an gaya masa ba.

Game da tarihi, tunda ba ka ce ko sarkinka ya taɓa rayuwa ba: in na gaske ne, abin da ya faru a bainar jama'a, da shekarunsa, da wanda ya mutu da wanda ya rayu, ka bar su yadda suke. Filinka shi ne abin da aka faɗa bayan an rufe ƙofa. Kuma ka yi hattara da cusa masa tunanin zamaninmu. Josef ya so manoma, amma bai taɓa tunanin su zaɓi mai mulkinsu ba. Salim ya so sabuwar runduna ne don daular kakanninsa ta ɗore. In ka sa wa sarkin ƙarni na 18 bakin ɗan gwagwarmayar yau, ka kashe rikicin, domin rikicin yana cikin cewa shi ma ɗan wannan tsari ne, a cikinsa aka haife shi, da shi yake ci, kuma kujerar da yake zaune a kai tana tsaye ne a kan abin da yake son rushewa.

Ga aikin da zan ba ka. Ka koma kan dokar rage harajin nan da sarkinka ya yi. A rubutunka na yanzu, ina jin talakawa sun yi murna, fadawa sun ji haushi, shi ke nan. Ka bi kuɗin. Harajin da aka rage, da shi ake biyan wa? A ce dakarun da ke tsaron wani gari na kan iyaka. Wata uku babu albashi, suka watse, mahara suka shiga garin. Waziri ya faɗa tun farko a gaban kowa cewa haka za ta faru, sarki ya ce masa tsoro ne ke damunsa. Yanzu ka shigo da mace ɗaya daga wannan gari, ta yi tafiyar kwana biyar, ta durƙusa a zaure. Ba zagi ta zo yi ba. Tana cikin waɗanda suka yi guɗa ranar da aka karanta dokar, kuma har yanzu ta yarda sarki adali ne, shi ya sa ta zo wurinsa ta tambaya wa ya janye masu gadi, don a hukunta shi. Waziri yana tsaye a dama, ya san amsar, bai ce komai ba. Abokin ƙuruciyar sarki yana hagu, yana yi masa ido kada ya ja da baya. Ka rubuta abin da sarki zai ce wa matar nan, ka turo mini in gani, daga nan sai mu duba fitowar tuɓewar.